Yadda ake bikin Pongal a gidajen Tamil, tun daga share gida har tukunya ta yi bori

Duk wanda karatu ko jinya ta taɓa kai shi jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya, in dai tsakiyar Janairu ta same shi a can, to ya ga abin da zan faɗa. Kwatsam sai ka ga gari ya cika da rake, baƙin rake dogaye da ganyensu an jingine su a bakin titi, ga tukwanen ƙasa an tara kamar dala an musu fenti ja da fari, ga kurkum da ganyensa da saiwarsa an ɗaure dami dami, tashar mota kuwa ba masaka tsinke kowa zai tafi ƙauyensu. Wannan shi ne shirin Pongal, bikin godiyar kaka na mutanen Tamil. Ni shekara uku na yi a can, biyu na kalla daga nesa, a ta ukun ne matar mai gidan da muke haya, wadda nake ce wa Amma kamar yadda kowa ke ce mata, ta ce wallahi bana sai na bi su ƙauyensu da ke kusa da garin Thanjavur. Abin da na gani da idona da abin da ta koya min shi zan jero muku daki daki.

Kafin komai ku san kalmar. Pongal a yarensu ta fito ne daga tafasa har abu ya tumbatsa ya zubo, abin da mu muke cewa tukunya ta yi bori. Sunan bikin kenan, sunan abincin da ake dafawa ranar ma kenan. Mu in madara ta zube a murhu asara muke gani har a yi wa yarinya faɗa, su kuwa a wannan rana ɗaya zubewar ita ake jira, ita ce alamar an samu har ya yi yawa. In kun riƙe wannan sauran duk zai zo muku da sauƙi.

Lokacinsa

Kwana huɗu ake yi. Babbar ranar ita ce ɗaya ga watan Thai a kalandar Tamil, yawanci 14 ga Janairu, wasu shekarun 15, kamar 2023 da 2024 duk 15 ta faɗo, 2025 kuma 14. Kalandarsu da rana take tafiya shi ya sa bikin ba ya zagaye shekara kamar sallarmu, kullum yana nan cikin sanyi. Jajibere shi ne Bhogi, ranar ƙarshe ta watan Margazhi, sai Thai Pongal, sai Mattu Pongal ranar shanu, sai Kaanum Pongal ranar ziyara. Dalilin da ya sa ya dace da kaka kuwa, damina mai ƙarfi a Tamil Nadu daga Oktoba zuwa Disamba take, shinkafar da suke kira samba wadda ake nomawa a fadamar kogin Kaveri a Janairu take isa yanka, rake da kurkum ma lokacin suke nuna. Dan haka manomi aljihunsa da nauyi, rumbu a cike, har suna da karin magana, Thai pirandhal vazhi pirakkum, wai in watan Thai ya kama hanya za ta buɗe. Bukukuwan aure ma da yawa sai Thai ya shiga ake sa su.

Sayayya, kamar sati guda kafin ranar

Abu na farko tukunyar ƙasa sabuwa, ba a dafa Pongal a tsohuwar tukunya in dai gidan masu riƙe al'ada ne, ko da yake a birni wasu tukunyar tagulla suke ajiyewa ta musamman. In za ki saya ki ƙwanƙwasa ta da yatsa, in ta yi ƙara tangaran lafiyarta lau, in ta yi ƙara a dushe akwai tsaga. Da an kawo ta gida a cika ta da ruwa ta kwana ɗaya ko biyu, wasu ruwan wankin shinkafa suke zubawa, sannan a shanya. Wannan matakin kar a raina shi, a maƙwabtan su Amma na ga tukunyar da aka sayo da daddare aka ɗora da safe, tana tsaka da zafi ta tsage ta gindi madara ta kashe wutar, matar gidan har da hawaye dan a wajensu ba ƙaramin abu ba ne, sai da aka ba ta aron wata.

Sai rake aƙalla sanda biyu da ganyensu, ba a yanke kan ba. Sai kurkum ɗanye da ganyensa, da citta ita ma da ganyenta in an samu. Sabuwar shinkafa ta bana wadda ba a turara ba. Madarar shanu. Vellam, wato mazarƙwaila ce sak irin tamu ta Maƙarfi, sai dai tasu a dunƙule take kamar ƙwallo. Man shanu soyayye. Wani ɗan ƙaramin wake rawaya da aka ɓare aka raba biyu, suna ce masa paasi paruppu. Kashu, busasshen inabi, kadamom. Ayaba, kwakwa, ganyen ayaba, furanni. Kayan lambu kala kala. A Chennai, babban birnin jihar, kasuwar Koyambedu ita ce matattarar wannan kaya, motocin rake cike suke shigowa. Gwamnatin jihar ma tana raba wa masu katin rashan, wato katin karɓar kayan abinci na gwamnati, shinkafa da sukari da sandar rake, wasu shekarun har da kuɗi, da zanen sari na mata da veshti na maza.

Akwai kuma abin da ya ba ni mamaki ranar farko, na ga ana sai da muruci a gefen rake. Muruci dai namu na giginya. Suna ce masa panang kizhangu, giginyarsu 'yar uwar tamu ce, ita ce ma bishiyar da jihar ta ɗauka a matsayin alamarta, kuma lokacin Pongal ne murucin ke fitowa, a dafa a ɓare a ci kamar yadda muke yi.

Sabbin kaya dole ne ga kowa a gidan, har masu aiki, musamman masu aikin gona, ana ba su tufafi da hatsi da kuɗi. In akwai 'yar gidan da aka aurar a shekarar, to iyayenta za su kai mata Pongal seer, tukwane da shinkafa da rake da mazarƙwaila da kayan sawa nata da na mijin, kusan kamar yadda ake kai gara, dan Pongal ɗin farko na amarya da ango, Thalai Pongal, babban abu ne. Gidan da aka yi rasuwa a cikin shekarar kuma yawanci ba sa ɗora tukunya, maƙwabta ne ke aika musu.

Rana ta farko, Bhogi

Wannan ranar shara ce. Tun kwanaki kafin nan an fara fitar da komai, a share yana, a wanke ɗaki, a ƙauye a shafe bango da farar ƙasa, a ja jan layi a gindin bango. Tsofaffin tabarmi, tsintsiya da ta ƙare, tsummokara, kwandon da ya yage, duk a tara a ƙofar gida, da asuba tun duhu a cinna musu wuta, yara na zagaye suna kaɗa 'yan ƙananan ganguna. A addininsu na Hindu ranar ta Indra ce wanda suke dangantawa da ruwan sama. A wasu yankuna, musamman wajen Coimbatore da Erode, ana ɗaure ganyen darbejiya da wasu furannin daji a soke a saman ƙofa da kan rufi, suna kiran abin kaappu kattu.

Gaskiya wannan ƙone ƙonen a birni ya zama matsala, dan mutane sun koma ƙona taya da roba da leda, sai ka tashi da safe a Chennai hayaƙi ya haɗu da hazo ba ka ganin gabanka, an sha samun jinkirin tashin jirage saboda shi, duk shekara hukuma sai ta yi gargaɗi. Su Amma kara da tsohuwar tabarmar kaba kawai suka ƙona, tufafin da suka tsufa kuma aka bayar, ni dai a ganina wannan shi ne daidai.

Da yamma a jiƙa abin da za a jiƙa, a tanadi itace, a kafa murhu. Murhun duwatsu uku ne ko bulo uku a tsakar gida ko ƙofar gida, inda rana za ta haska shi da zarar ta fito, ba a cikin kicin ba.

Rana ta biyu, ita ce ranar

Mata tun ƙarfe huɗu sun tashi. A share wurin, a yayyafa ruwa, a ƙauye ruwan ana dama shi da kashin shanu dan ƙasa ta kwanta ta yi santsi, sannan a zana kolam. Kolam zane ne da ake yi a ƙasa da garin shinkafa, ana ɗibar garin tsakanin babban yatsa da manuni ana sakinsa a hankali, da farko a ɗiga ɗigo ɗigo a jere sannan a ja layi yana zagaye ɗigon yana lanƙwasa har ya koma inda ya faro. Kullum suna yi a ƙofar gida amma na Pongal ya fi girma, har da hoton tukunya tana bori da rake biyu da rana, a zagaye shi da jar ƙasa. Na tambayi Paati, uwar mijin Amma, tsohuwa ce ta haura tamanin, me ya sa garin shinkafa ba alli ba, ta ce ai tururuwa da tsuntsaye ma su ci nasu. In za ki koya ki fara da ɗigo biyar biyar, ki durƙusa sosai, kar ki ɗaga hannu da nisa daga ƙasa in ba haka ba garin watsewa zai yi. Kuma in kin je baƙunta kar ki taka, ki zagaye.

Kowa ya yi wanka ya sa sabon kaya. Sai a ɗauko tukunya a wanke bayanta, a ɗaura mata kurkum da citta a wuya da zare, ganyen na sama saiwar na reto, a ɗiɗɗiga mata ja da rawaya. Rake a kafa shi gefe da gefe a haɗe kawunan a sama su yi kamar rumfa a kan murhun. A shimfiɗa ganyen ayaba a gaba a jera ayaba, kwakwa da aka fasa, kayan lambu, furanni, da fitilar mai. Komai gabas yake kallo. Abin lura a nan, a Indiya alƙibla yamma take, dan haka in sun fuskanci gabas ɗinsu sun ba alƙibla baya ke nan.

Ba kowane lokaci ake kunna wuta ba, suna duba kalanda su ga sa'ar da suke kira nalla neram, wasu kuma da fitowar rana kawai suke yi.

Yanzu girkin. Zan ba ku awo na ƙaramin gida, in mutane da yawa sai a ninka. Shinkafa kofi ɗaya, ɗan waken nan rubu'in kofi, madara kofi ɗaya zuwa biyu, ruwa kofi uku zuwa huɗu, mazarƙwaila da aka farfasa kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi gwargwadon son zaƙinku, man shanu rubu'in kofi, kashu kamar goma sha biyar, busasshen inabi cikin tafin hannu, kadamom huɗu a daka.

Waken a fara soya shi haka nan ba mai a kasko har ya fara ƙamshi, kar ya yi duhu. A wanke shi tare da shinkafar, ruwan wanki na farko a zubar, na biyu kuma a ajiye dan da shi ake haɗa madarar a tukunya, shi ke sa kumfa ya taso da kyau. A zuba madara da ruwan a tukunya kar a cika ta fal kuma kar a yi ƙasa sosai, ya kai kamar kashi uku cikin huɗu, dan in ya yi ƙasa sai ku gaji da jira bai zubo ba. A kunna wuta, busasshen ganyen kwakwa ko na giginya suke fara sawa saboda saurin kamawa. Ba a rufe tukunyar.

Toh daga nan sai jira, kuma wannan jiran shi ne bikin gaba ɗaya. Duk gidan an zagaye murhu, yara sun tsuguna, maigida na tura itace, ba mai zuwa ko'ina. Ina tsaye bayan Amma ina kallo, da farko madarar shiru, sai 'yan ƙananan kumfa a gefe, sai wata fatar ta kwanta a sama ta fara rawa, sai ta kumbura a hankali kamar ana hura ta ta ƙasa, ta hau wuyan tukunya ta tsaya a baki kamar ba za ta zubo ba, Paati ta ɗaga hannu, sai ga shi farin kumfa ya gangaro ta gefen gabas ya bi ta kan ganyen kurkum ya sauka a wuta ta yi cuu. Gaba ɗaya gidan suka ɗauka, Pongalo Pongal! Pongalo Pongal! Matan suka rangaɗa guɗa, guɗa sak irin ta gidan biki a Kano, kulavai suke ce mata, wani yaro ya busa ƙaton kokon dodon koɗi, wani na buga faranti da cokali, kuma kana jin irin ihun yana tashi daga gida gida duk layin dan kowa tasa tukunyar da lokacinta. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ta inda kumfan ya fara zubowa ma suna lura, in gabas ne murna ta ƙaru.

Da ya zubo sai a rage wuta, babba a gidan ya ɗebi shinkafa da hannu ya zuba sau uku, sauran 'yan gida kowa ya ɗan zuba, sannan a juye ragowar. A yi ta juyawa da ludayi mai dogon hannu dan tukunyar ƙasa tana kamu ta gindi, in ruwa ya yi kaɗan a ƙara ruwan zafi ba na sanyi ba saboda kar tukunya ta fashe. Ana so shinkafar ta dahu luguf har ta fara narkewa, ta wuce dahuwar dafa-duka, ta kusa ta tuwo amma da ruwa ruwa, ki danna da bayan ludayi ta baje.

Kafin nan kin narka mazarƙwailar daban da ruwa rabin kofi a wata tukunya, ki tace da rariya dan ba a rasa yashi da ɓawon rake a ciki. Ga inda mutane ke kuskure, kar a zuba zaƙin sai shinkafa ta gama dahuwa gaba ɗaya, dan da zarar mazarƙwaila ta shiga shinkafa ba ta ƙara laushi, in da sauran tsatstsauri haka za ta zauna. Kuma wuta ƙasa ƙasa lokacin zubawa saboda madara na iya tsinkewa. A juya minti biyar zuwa goma har ya haɗe ya yi launin ƙasa mai sheƙi, ana zuba man shanu cokali cokali. A ƙarshe a soya kashu a man shanu har ya yi ja, a jefa inabin ya kumbura, a juye duka a kai, a barbaɗa kadamom. A sauke tun yana ɗan ruwa ruwa dan in ya huce yana daskarewa. Wannan shi ne sakkarai pongal, mai zaƙi.

Yawancin gidaje tukunya biyu suke ɗorawa, ta biyun mara zaƙi. Ven pongal kenan, shinkafa kofi ɗaya, waken rabin kofi, ruwa kofi huɗu zuwa biyar da gishiri, a dafa luguf, sai a soya masoro guda guda da kumin da yankakkiyar citta da ganyen kori da kashu a man shanu a juye a kai. Ana cinsa da miyar kayan lambu wadda ake haɗa kala bakwai ko fiye, kabewa, dankalin Hausa, doya, ɗanyar ayaba, yalo, wake ɗanye, duk abin da gona ta bayar a sa ɗan kaɗan.

Da an sauke ba a ci tukuna. Ana zuba na farko a ganyen ayaba a ajiye a gaban rana, su kunna kafur su yi addu'o'insu ga Surya, wato rana, wadda a addinin Hindu abin bauta ce. Nan ne ni na ja gefe, kuma tun a mota na gaya wa Amma cewa ni Musulma ce ba zan shiga wannan ɓangaren ba kuma ba zan ci wanda aka ajiye wa rana ba, ba ta ji haushi ko kaɗan ba, ta sa aka ɗibar min nawa a kwano daban tun kafin a kai can. In an gayyace ku ku faɗa da wuri cikin mutunci, sun saba zama da Musulmi da Kirista, a jihar akwai su da yawa tun ɗaruruwan shekaru. Wasu coci coci ma suna dafa Pongal a harabarsu, makarantu da ofisoshi kuma suna yin wanda suke kira Samathuva Pongal, na kowa da kowa.

Sai ci. A ƙasa ake zama, ganyen ayaba a gabanka tsinin yana hagunka, a yayyafa masa ruwa a goge, da hannun dama ake ci, in ka gama ka naɗe ganyen ya nufo wajenka. Sannan yara su fita da kwanuka kai wa maƙwabta, kamar dai rabon abincin sallah. Gaisuwar ranar ma daban ce, in ka haɗu da mutum sai ya ce paal pongiyacha, wai madara ta yi bori? ka ce ta yi. Sauran yinin shan rake ne, duk inda ka duba ɓawo.

Rana ta uku, ta shanu

Mattu Pongal ita ta fi taɓa ni, ƙila dan na taso gidan da ake kiwo. Hujjarsu a fili take, sa ne ya ja garma ya ja amalanke, saniya ta ba da madarar da aka dafa jiya, kashinsu ya zama taki, to yaya za a yi godiya a bar su. Ranar ba a sa su aiki ko kaɗan. Da safe a kai su kogi ko tafki a wanke su tas, a kankare ƙaho a goge a shafa masa fenti, ja, shuɗi, kore, wasu a sa wa tsinin ƙahon hular ƙarfe, a canza musu igiya sabuwa, a rataya ƙararrawa da furanni a wuya, a shafa kurkum da jan gari a goshi. A share garke a yi masa kolam, a dafa wani Pongal ɗin a nan garken, a fara ba shanun tare da ayaba da rake kafin mutane su ci. Mijin Amma da hannunsa ya dinga ba wata tsohuwar saniya yana mata magana a kunne, ya ce da nononta aka raini 'ya'yansa duka uku. Su ma shanun akwai addu'ar da ake musu da kafur, wannan ma ɓangaren ibadarsu ne. Da yamma a sake su su zaga gari ƙararrawa na ta ƙara. Masu tarakta ma yanzu wanke ta suke su ɗaura mata fure da rake.

A wannan kwanakin ne ake jallikattu, wasan kama bijimi, wanda ya fi shahara a yankin Madurai, Avaniyapuram ranar Pongal, Palamedu washegari, Alanganallur rana ta gaba. Ana sako bijimi ta wata ƙunƙuntar ƙofa, vaadivaasal, samari su yi ƙoƙarin rungume tozonsa su riƙe na ɗan lokaci ko ɗan nisa, ba a kashe shi, in ba wanda ya riƙe shi mai bijimin ne ya ci kyauta. Wanda ya san hawan ƙaho na mahautanmu zai gane irin abin. Kotun ƙolin Indiya ta hana shi a 2014 saboda cutar da dabbobi, a Janairun 2017 jama'a suka cika bakin tekun Marina a Chennai kwana da kwanaki suna zanga zanga har jihar ta gyara doka aka dawo da shi, a 2023 kotun ta amince da gyaran. Masu goyon baya suna cewa shi ke sa ake ci gaba da kiwon shanun gida irin su Kangayam da Pulikulam. Amma ana jin rauni sosai kuma ana mutuwa, har cikin 'yan kallo, dan haka in za ku je ku hau kan dakalin kallo, kar ku tsaya ta inda bijiman ke fita.

Rana ta huɗu

Kaanum ma'anarsa gani, ranar ganin dangi. Da sassafe mata da 'yan mata ke fara nasu, wasu gidajen a rana ta uku suke yi, a shimfiɗa ganyen kurkum ɗin nan da aka kwance daga wuyan tukunya, a cura ragowar Pongal da shinkafa mai launi, fara da rawaya da ja, ƙanana ƙanana a jera a kai da guntun rake da ayaba a bar wa hankaki da sauran tsuntsaye, suna yi wa 'yan uwansu maza fatan alheri, su kuma mazan su ba su kuɗi ko zane. Daga nan sai a shirya abinci a fita, a gaida manya su sa albarka su ba yara 'yan kuɗi, a tafi bakin kogi ko bakin teku a baje. Marina ranar ba wurin sa ƙafa, 'yan sanda har shinge suke sawa su hana shiga ruwa. A ƙauye kuma wasanni ne, kabaddi wanda wasan kamun juna ne tsakanin ƙungiya biyu, tseren amalanke, gasar kolam, da uriyadi inda ake rataye tukunya a sama a ɗaure wa mutum ido a ba shi sanda ya nemo ta ya fasa.

Mutanen Tamil da ke wajen Indiya ma ba su bari ba, a Siri Lanka ranar hutu ce ta ƙasa, a Singafo unguwar Little India har shanu ake kawowa, ana yi a Malesiya da tsibirin Moris da Afirka ta Kudu, a Kanada kuwa majalisa ta ayyana Janairu watan al'adun Tamil tun 2016. Wanda ke zaune a bene cikin sanyin Toronto a kan gas yake ɗora ƙaramar tukunya kusa da taga, ya bari ta ɗan zubo ko cokali biyu ne, yara su yi ihun, sai a goge.

In kuma girkin kawai kuke so ku gwada a gida, kusan komai muna da shi. Shinkafar tuwo ta fi dacewa, mazarƙwaila tamu ta yi sai dai a tace da kyau, man shanu a soya shi tukuna da kyau ƙarnin ya fita, madara ta shanu ɗanya ko ta gari da aka dama. Ɗan waken ne sai a shagunan Indiyawa a Kano ko Legas ko Abuja, in ba a samu ba a yi babu shi, kar a sa wakenmu dan ɗanɗanon ba zai zo ɗaya ba. Ni nakan yi shi lokacin sanyi in sabuwar mazarƙwaila ta shigo kasuwa, a tukunyar ƙasa da na jiƙa kwana biyu, kuma a ci shi da zafinsa dan in ya kwana sai an ɗan zuba madara an ɗumama kafin ya saki.